Yadda na bi sawun sautin What's Going On, da wuraren da kuɗi ke zurarewa a hanya

Mako bakwai na ɗauka daga ranar da na ƙudurta sauraren kundin What's Going On na mawaƙin Amurka Marvin Gaye a irin sautin nan da ake liƙa wa tambarin Hi-Res, zuwa daren da na ji shi yadda ya kamata. Da na san abin da na sani yanzu, da mako ɗaya ya wadatar, kuma da rabin kuɗin bai bar aljihuna ba. Zan jero matakan yadda suka zo mini, har da inda na yi tuntuɓe.

Na zaɓi wannan kundi ne saboda ba ya yafe wa kayan sauti marasa kyau. Ya fito ranar 21 ga Mayu 1971 a ƙarƙashin Tamla, reshen kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka. Waƙoƙi 9 ne, tsawonsu duka minti 35 da 'yan daƙiƙu. An ɗauki waƙar farko a 1970, sauran kuma a watan Maris 1971, duk a kan tef, tun ba a san kwamfuta a situdiyo ba. A ciki akwai jitar bes, ganguna na hannu, sahun masu goge daga ƙungiyar makaɗan birnin Detroit waɗanda David Van De Pitte ya tsara musu kiɗa, ga kuma muryar Marvin an ɗora ta a kan kanta sau biyu, wani wurin ma fiye. Idan na'urarka ba ta iya rarrabe abubuwa, duk wannan zai dunƙule ya zama kunu. Ban da haka, waƙoƙin a haɗe suke, wannan na shiga cikin waccan ba tare da tsayawa ba, kuma wannan ya zame mini matsala ta daban daga baya.

Kafin in kashe ko kwabo na zauna na fahimci lambobin, domin da su ake ruɗin mai saye. Faifan CD yana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wato kilohaz 44.1, kowane awo kuma yana da zurfin bit 16. Lamba ta farko ita ke yanke iyakar siririn sautin da fayil zai iya ɗauka, kuma iyakar rabin lambar ce: CD yana kaiwa kilohaz 22, fayil mai awon kilohaz 96 yana kaiwa 48, mai 192 yana kaiwa 96. Kunnen ɗan Adam, na yaro mai ƙoshin lafiya ma, a wajen kilohaz 20 yake tsayawa. Lamba ta biyu tana nuna tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi: bit 16 kusan desibel 96 ne, bit 24 kuma 144 a lissafi. Duk abin da ya haura CD ana kiransa Hi-Res a kasuwa, amma tambarin nan mai ruwan zinare da baƙi, wanda ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ta fito da shi a 2014, yana nufin bit 24 da kilohaz 96 ko sama.

Zangon farko shi ne rumfar mai turi a kasuwar waya, saboda nan ne mafi sauƙi. Na ce masa ina neman kundin a FLAC, wato fayil ɗin da ake matsewa ba tare da an zubar da komai daga cikin sautin ba. Ya ce, "Yallaɓai, akwai shi, orijina ne, ka ga ma girmansa." Ya juyo mini fuskar kwamfutar, wasu waƙoƙin sun haura mega 100, an rubuta 24 da 96 a jikin sunan. Na biya kuɗin turi, ya zuba mini a memori cikin minti biyar. Ba na zargin yaron da ha'inci, shi ma haka ya tsinto shi. Amma cinikin biri a sama na yi. Da na koma gida na buɗe waƙar farko a wata 'yar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek, wadda ke zana hoton sauti: lokaci a kwance, kaifin sauti a tsaye. A nan kam gani ya kori ji. Launin ya taso daga ƙasa, da ya kai kilohaz 16 sai ya yanke ƙat, kamar an sa reza, daga nan har sama baƙi ƙirin. Wannan sawun MP3 ne mai kilobit 128. Wani ne ya ɗauko shi ya hura shi ya mai da shi FLAC, girma ya ƙaru, abin da aka zubar tun farko kuwa bai dawo ba. Ka riƙe waɗannan alamomi: yanka a 16 ƙaramin MP3 ne, yanka a wajen 20 babban MP3 ne mai 320, yanka a 22 CD ne aka kumbura. Kwafin gaskiya da aka ɗauko daga tef ba ya da layin yanka, launinsa yana dusashewa ne a hankali bayan 20, sai wani ɗan hazo ya ci gaba zuwa sama, wanda yawancinsa shuuu ɗin tef ne.

Daga nan na koma shagunan intanet da ke sayar da fayil kai tsaye. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne kundin ba guda ɗaya ba ne. Akwai wanda ya fito a 1971, wanda aka kammala haɗa sautinsa a Los Angeles. Akwai haɗin farko da aka yi a Detroit a watan Afrilun shekarar, wanda aka ajiye bai fito ba sai a bugu na musamman na 2001. Akwai bugunan cika shekara 40 da 50, masu ɗauke da ƙarin waƙoƙi da yawa. Dole ka bambanta abu biyu da 'yan situdiyo ke kira miksin da mastarin. Miksin shi ne yanke shawarar ƙarfin kowane kayan kiɗa da inda zai zauna, dama ko hagu ko tsakiya. Mastarin shi ne gyaran ƙarshe da ake yi wa haɗaɗɗen sautin kafin a buga shi. Kundi ɗaya yana iya samun mastarin biyar a shekaru daban-daban, kuma ba iri ɗaya suke fita ba. Na nemi mai waƙa 9 cif, mai bit 24 da kilohaz 192. Shagon farko ya bar ni na zaɓa, na kai har wurin biya, sannan ya ce ba ya sayarwa ga ƙasar da katina ya fito. Wannan batun lasisi ne, kamfanonin waƙa suna raba haƙƙin sayarwa ƙasa-ƙasa, don haka ka duba jerin ƙasashen shago tun kafin ka ɓata lokacin buɗe asusu. A shago na biyu katin naira ya ƙi wucewa sau biyu, sai da na sa kuɗi a katin dala. Dala 20 da 'yan kai ya tashi, ban da abin da canji ya ci. Kwana huɗu wannan zirga-zirgar ta ɗauka, kuma a nan ne na fara tambayar kaina ko abin ya cancanci wahalar.

Saukewa ma aiki ce. Lissafin a fili yake: 192,000 sau 24 sau 2 na kunnen dama da hagu, kilobit 9,216 ke nan a daƙiƙa, inda CD yake 1,411. Kundin a buɗe ya kusa giga 2.5, a matse cikin FLAC kuma giga 1 da ɗoriya mai kauri. Kwafin CD a FLAC bai wuce mega 200 da 'yan kai ba, MP3 mai 320 kuma wajen mega 85. Na jira datar dare, na danna saukar da kundin gaba ɗaya a ƙunshi ɗaya, ya kai kashi 80 cikin ɗari sabis ya ɗauke, ya koma farko. Washegari da dare na sauke waƙa ɗaya-ɗaya, cikin awa guda an gama. Ka yi haka tun farko. Bayan saukewa ka gwada lafiyar fayilolin, domin kowane FLAC yana ɗauke da hatimin lissafi a cikinsa, kuma manhajar foobar2000 tana iya duba ko wani yanki ya lalace a hanya. Waƙa ta bakwai tawa ta faɗi gwajin, na sake sauke ta. In za ka tura wa wata wayar, yi amfani da kebul ko memori.

Akwai hanyar da ba sai an saya ba. Tun watan Yuni 2021 Apple Music yake ba da sauti marar ragi har zuwa 24 da 192 a cikin kuɗin wata, Tidal ma yana ba da FLAC mai zurfi. Amma a lissafin Apple da kansa, waƙar minti 3 a mataki mafi girma tana iya cin mega 145, wato kundin nan ya haura giga ɗaya da rabi duk zama guda, sai dai ka sauke shi cikin wayar. Kuma ka kashe Dolby Atmos, tsarin da ke sa sauti ya kewaye mai sauraro, in kana son haɗin 1971, domin waƙar farko tana cikin waɗanda aka sake haɗawa a wannan tsari, kuma shi wani abu ne daban.

Sauraren farko da iyafis ɗin Bluetooth na yi shi, cike da ɗoki. Ban ji wani abin kirki da ya bambanta da na kasuwa ba, raina ya ɓaci sosai. Laifin na hanya ne. Bluetooth ƙaramin bututu ne: tsarin SBC da kowace waya ke da shi wajen kilobit 328 ne, AAC wajen 256, aptX HD 576, LDAC na Sony wanda ya fi su yana kaiwa 990, shi ma idan sigina ta yi rauni yana sauka 660 ko 330. Fayil mai 9,216 ba zai bi ta nan ba sai waya ta sake matse shi ta zubar da mafi yawansa. Duk wanda ya ce maka yana jin 192 ta Bluetooth, lambar da ke fuskar waya yake karantawa.

To, sai waya mai igiya, sai kuma DAC, 'yar na'urar da ke mai da lambobi su koma igiyar lantarki da hedifon zai kaɗa. Kowace waya tana da nata a ciki, amma wayoyi da yawa yanzu ba su da kafar iyafis, waɗanda ke da ita kuma ƙarfinsu kaɗan ne. Ana sayar da DAC mai kamar guntun kebul, kansa ɗaya USB-C, ɗayan kafar milimita 3.5, daga na dala 10 har na dala 100 da sama. Na farko da na saya a kasuwa, a kan kuɗi kaɗan, ashe babu komai a cikinsa, waya ce zalla da ke aiki da wasu wayoyi kawai, tawa ko gane shi ba ta yi ba. Na biyu na yi odarsa daga waje, wajen dala 40, na jira kwana 19. Abu uku za ka duba a bayaninsa: sunan guntun da ke ciki a rubuce, iyakar abin da yake karɓa, da ƙarfin da yake fitarwa, volt 1 ko volt 2. Ɗan adaftan Apple na dala 9 yana da DAC na gaske mai tsabta, iyakarsa 24 da 48, kuma da na san inda gwajina zai ƙare, da shi kaɗai ya ishe ni farawa.

Ranar da ya iso na jona shi, sauti ya fito, amma 'yar fitilar jikinsa, wadda ke canza launi gwargwadon abin da ke shigowa, ta tsaya a launin 48 ko da wane fayil na sa. Haka Android yake aiki: yana tara sautin waƙa da na ƙararrawa da na saƙo a tukunya ɗaya, yawanci a kilohaz 48, sannan ya miƙa. Don tsallake wannan tukunyar sai da manhajar da ke magana da DAC kai tsaye. Na sayi USB Audio Player PRO, ƙasa da dala 10. Tsarin jonawar yana da muhimmanci: ka rufe sauran manhajojin waƙa, ka sa hedifon a jikin DAC tukuna, sannan ka soka DAC a waya, tambaya za ta fito ko ka yarda manhajar ta riƙe na'urar, ka ce eh, ka shiga saituna ka kunna tura sauti ba tare da taɓawa ba. Nan take fitilar ta canza launi. Ka rage ƙarfin sauti ƙasa sosai kafin ka danna, domin a wannan yanayi wasu na'urorin suna farawa ne a ƙarshen ƙarfinsu, kuma abin yana iya yi wa kunne illa. Wasu wayoyin sai ka kunna OTG da hannu, wato saitin da ke barin waya ta karɓi na'ura ta kafar USB, kuma yana kashe kansa bayan minti 10 in ba a amfani da shi. A wasu kuma tsarin tanadin batir yana kashe manhajar da zarar fuska ta mutu, sai ka cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa. Kwana biyu sauti yana ɗaukewa duk lokacin da na motsa, na ɗauka na'urar ce ta lalace. Na haska tocila a kafar cajin, sai ga ƙurar hunturu da zaren aljihu sun daskare a ƙasa kamar auduga. Na kashe wayar, na sa tsinken sakace a hankali na kwashe, kan kebul ya shiga har ya yi ƙas, matsalar ta wuce.

A kwamfuta labarin kusan ɗaya ne. Windows ma yana da tukunyarsa, don haka a foobar2000 sai ka zaɓi fitar da sauti ta hanyar WASAPI ta keɓe, a Mac kuma ka daidaita lambar a Audio MIDI Setup. Abin da ya ba ni wahala a nan wani gunji ne siriri a ƙarƙashin kiɗan, yana ƙaruwa in an koma kan inbata. Na cire cajar kwamfutar, ya ɓace ɗif. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙaramar caja da inbata mai araha suna zubo dattinta cikin USB. Maganin kyauta ne: ka cika batir, ka saurara ba tare da caja ba. A waya ma ka cika ta tukuna, tunda kafar ɗaya ce kuma DAC yana shan batir, sannan ka sa ta a yanayin jirgi.

Hedifon ne ya kawo canjin da ko yaro zai ji. Na ari wani babba mai om 250 (om ma'aunin turjiyar hedifon ne ga wutar lantarki), wanda ya yi sanyi ƙwarai a kan na'ura mai volt 1, bes ɗin ya zama kamar ana buga kwali. A kan volt 2 ya farfaɗo. Mai om 32 ba ya buƙatar wannan duka. Mai buɗaɗɗen baya yana ba da faɗi, kamar kana zaune a zaure, amma duk hayaniyar gida tana shigowa. Mai rufaffen baya ko ɗan cikin kunne ya fi dacewa da unguwa mai janareto. In ɗan cikin kunne ne, ka gwada robobin nan uku da ke zuwa a kwalinsa. Mafi kaurin igiyar jitar bes tana kaɗawa ne sau 41 a daƙiƙa, kuma in robar ba ta toshe kunne ruf ba, wannan sautin ta gefe yake tsiyayewa. Ni kunnen dama matsakaiciya ya karɓa, na hagu babba.

Sai ɗaki. Na auna da manhajar waya, wadda ba ma'auni ce ta ƙwararru ba amma tana nuna hanya: da fanka a kunne da janareton maƙwabta, desibel 50 da wani abu, bayan ɗaya na dare, komai a kashe, 30 da wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako. Ka cire 35 daga 80, abin da ya rage maka 45 ne. Ka ga tazarar 96 ta CD ma ba ka cinye ta ba, balle 144.

Daren da na zauna da niyyar ji na gaske, a ƙarshen waƙa ta biyu sai kiɗan ya yi ɗif na rabin daƙiƙa, sannan ta uku ta shigo. A wani kundin ba za ka damu ba, a wannan kuwa kamar a katse wa mutum numfashi ne a tsakiyar magana. Akwai saiti na sauraro ba giɓi, ka kunna shi, ka kashe wanda ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon wata, ka kashe mai daidaita ƙarfin waƙoƙi ɗaya-ɗaya, ka kashe duk wani ƙarin bes. Na koma farko.

Kundin yana buɗewa ne da hirar mutane kamar a wurin biki, cikinsu har da Mel Farr da Lem Barney, 'yan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Detroit Lions, abokan Marvin. A lasifikar waya hayaniya ce kawai. A nan kuwa kowane mutum da inda yake tsaye, wani kusa, wani can baya. Sai saksofon ɗin Eli Fontaine ya shigo, layin da ya busa yana ɗumama baki ne kawai aka ce ya isa, ana jin iskar da ke riga sautin fita. Ƙarƙashin komai James Jamerson ne da jitar bes, mutumin da da yatsa ɗaya yake kaɗa igiya. Shekaru ina jin wannan bes ɗin a matsayin dum-dum, ranar na ji ashe waƙa ce ta biyu ke tafiya a ƙasa, tana hawa tana sauka, kowane sauti da farkonsa da ƙarshensa. Muryoyin Marvin biyu kuma kuskure ne ya haife su: ya rera sau biyu don ya zaɓi ɗaya, injiniyoyi suka kunna su tare, ya ce a bar su haka, ya mai da abin salon kundin gaba ɗaya. Da kayan kirki kana iya bin ɗaya ka saki ɗaya, kamar mai ba da waƙa da ɗan amshinsa, sai dai duka mutum ɗaya ne. A waƙa ta biyu yana magana da bakin sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, kamar yadda ƙaninsa Frankie ya dawo. A ta huɗu yana faɗin magana da baki, muryarsa ta waƙa tana bin ta a baya, kuma a nan ne na fi jin amfanin shirun dare. Ta shida, wadda ke kukan gurɓatar ƙasa da teku, Bob Babbitt ne a kan bes, hannunsa ya fi na Jamerson tsayuwa wuri ɗaya, ga saksofon ɗin Wild Bill Moore mai kaushi, sannan ƙarshenta ya juye ya yi duhu. Nan fuskar farko ta faifan garmaho take ƙarewa. Na tsayar na minti ɗaya, kamar mai juya faifai, kuma ina ba da shawarar haka. Fuska ta biyu waƙa uku ce, ta farkonsu ta haura minti 7 da sarewa da ganguna, ta ƙarshe kuma tana farawa da fiyano da bugun fata a hankali, ana jin tafin hannu yana sauka. Can ƙasa, duk inda kiɗa ya lafa, shuuu ɗin tef yana nan. Ba aibi ba ne, shaida ce cewa ba a kankare sautin da injin goge hayaniya ba.

Na tashi ina cewa 192 ta yi aikinta. Bayan kwana biyu na gwada wannan magana. A foobar2000 akwai ƙarin da ake kira ABX: yana ba ka A da B, sannan ya ɓoye ɗaya a matsayin X, ka faɗi wanne ne. Sharaɗin shi ne fayilolin biyu su fito daga tushe ɗaya. Na ɗauki wanda na saya na rage shi zuwa 16 da 44.1 da manhajar SoX, sannan na sake mai da ragaggen zuwa 192. Dalilin wannan mataki na biyu shi ne DAC yakan yi ɗan ƙas ko jinkiri idan lamba ta canza, sai ka gane amsa ba da kunne ba. Ƙarfin sautin kuma dole ya zo daidai, kada bambanci ya wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi. Zagaye 16 ake yi, sai ka ci 12 kafin a ce ba sa'a ba ce. Tsakanin 192 da CD na ci 9. Na sake washegari da wata waƙar, na ci 7. Tsakaninsa da MP3 mai 320 na ci 10. Da na 128 kuwa 16 cif, tun daga ƙarar kuge da sin ɗin murya ake gane shi. Na gwada kunnena da sautin gwaji, a kilohaz 15 da ɗan kai ya tsaya. Na ji kunya kaɗan, amma ba ni kaɗai ba ne. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwaji 554 tsakanin Hi-Res da CD a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, masu sauraro suka ci kusan rabi daidai, kamar jefa kwabo. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18, ya samu akwai ɗan bambanci da ake iya ji, ƙarami ƙwarai, wanda ke ƙaruwa ga waɗanda aka horar. Ban ƙaryata mai cewa yana ji ba, amma ya yi zagaye 16 ɗin tukuna.

Abin da ya bambanta a fili, ba sai da gwaji ba, shi ne lokacin da na sa haɗin Detroit kusa da na Los Angeles, duka a matakin CD. A kunnena na Detroit ya fi bushewa, gangunan sun fi matsowa gaba, muryoyin biyu sun fi nisa da juna, na Los Angeles kuma ya fi haɗewa da laushi. Haka ma tsakanin mastarin biyu na haɗi ɗaya: wanda aka matse don ya yi ƙara yana burgewa a minti na farko, kafin waƙa ta biyar kunne ya gaji. Amfanin sayen Hi-Res na tsohon kundi, a ganina, a nan yake. Sau da yawa alama ce cewa an koma kan tef an sake kwafowa da natsuwa, kuma wannan aikin kake biya, lambar rakiya ta yi. Bit 24 kuwa wurinsa situdiyo ne, inda mai gyara ke buƙatar sarari.

Da zan sake daga farko, hedifon zan fara saya, in zuba masa kashi biyu cikin uku na kuɗin, in gwada shi da kunnena kafin in biya. Sai ɗan DAC mai araha amma na gaske, in duba ƙarfinsa ya dace da hedifon ɗin. Fayil kuma zan nemi mastarin mai kyau ko da a matakin CD ne, in na ga 96 da 192 na bugu ɗaya in ɗauki 96 in rage kuɗi da data, kuma ba zan yarda da sunan fayil ba sai Spek ya nuna mini hotonsa. Rasit ɗin shago ka ajiye shi a imel, domin ba kowane shago ke barin a sake saukewa bayan wani lokaci ba. Na 192 ɗin yanzu yana kan faifan ajiya na waje, da kwafi na biyu a memori. Wanda ke cikin wayata shi ne wanda na rage da hannuna zuwa 16 da 44.1, mega 200 da 'yan kai, kuma shi nake sawa in dare ya raba an kashe janareto.